Horon Kalgo, Wahalar Dodoru

Ranar da Lukuman ya dawo daga Kalgo da wani kwali mai huda-huda ɗaure a bayan babur, tun daga zaure Salamatu ta ji kwalin yana kuka. Tana tsakar gida tana matsar tunkuza, hannuwanta duk mai, ta ɗaga kai ta ga mijinta ya shigo da koriyar hular hana-sallah mai tambari a goshi, yana murmushi kamar wanda ya dawo daga Makka.

"Salamatu, taho ki ga arziki," in ji shi.

Ya buɗe kwalin. 'Yan tsaki ne farare, sun cunkushe wuri ɗaya suna ta tsiwa.

"Baban Rumaisa, waɗanga fa? Ina uwarsu?"

"Ba su da uwa. Inji ya ƙyanƙyashe su. Gwamnati ce uwarsu, ita ce ubansu."

Ya zauna kan turmi ya yi mata bayani. Gwamnati ta ware kuɗi ta ba kwalejojin aikin gona don su horar da matasa, abinci kyauta, wurin kwana kyauta, har da ɗan alawus. Shi ya samu shiga ta hannun abokinsa Sirajuddeen, wanda babu wani shiri da za a buɗe a jihar nan bai ji ƙamshinsa tun yana kan wuta ba. Sun yi 'yan makonni a wata kwaleji da ke gefen Kalgo ana koya musu kiwon kaji, ranar rufewa aka ba kowa kwalinsa da buhun abinci.

Inna Kubura, mahaifiyar Lukuman, ta fito daga ɗakinta da carbi a hannu. Ta leƙa kwalin, ta dubi hular ɗanta, ta ce, "Allah shi yi albarka. Gidanga dai bai taɓa fidda ɗan kwaleji ba sai yau."

"Ba su da wata wahala," Lukuman ya ce wa matarsa. "Ruwa mai tsabta, abinci kan lokaci, sai ɗumi. Shi ke nan."

Gaskiya dai gaskiya ce, Lukuman ya koyi abin. Ya san ranar kowace allurar rigakafi, ya san yadda kashin kaza mai lafiya yake, ya iya duba tsako ya faɗi abin da ke damunsa. Da hannunsa ya gyara tsohon ɗakin ajiya, ya shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ya kafa tukunyar garwashi a tsakiya. Ya yi ta shiga yana fita har zuwa Asabar. Ranar Asabar da hantsi wayarsa ta yi ƙara, ya fita zaure ya amsa, ya dawo yana neman jakarsa.

"Sirajuddeen ne. An buɗe na kiwon kifi, kuma har ya kama mini wuri."

"To, kajin fa?"

"Ai na nuna miki komai. Ke da kike da kai kamar na malamar makaranta?"

Salamatu ta yi dariya, don yabon ya yi mata daɗi. Da ta san kuɗin yabon nan, da ta roƙe shi ya riƙe abinsa.

Haka ta zama uwar 'ya'yan gwamnati. Ta wanke mazubin ruwa, ta canza ɓuntu, ta hura garwashi, ta kori mussa da shaho. Tsakin turawa ba irin na gida ba ne da zai bi bola ya nemi na kansa. Ci yake yi kamar an aiko shi, kuma in ruwa ya yanke masa na ɗan lokaci sai ya kwanta ya fara shirin mutuwa. Duk da haka ta iya da su. Tana suyar ƙuli-ƙulinta, tana leƙa su, tana goye da Rumaisa.

Kifin ne suka sauya lissafi.

Lukuman ya dawo da shuɗiyar hula a wannan karon, da wani ƙaton tamfol, da jarka cike da 'ya'yan tarwaɗa kamar ƙananan yatsu. Ya kira kafinta aka haɗa katako a kangon da ke gefen gida, aka shimfiɗa tamfol ya zama tanki. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo. A Dodoru an san kifi a gulbi da tafki da kaskon mai suya, ba a san shi a gida yana jiran a ba shi abinci ba.

"Abu guda ne sirrinsa," Lukuman ya faɗa wa masu kallo, yana ɗaga yatsa. "Canjin ruwa. In ka bar ruwa ya yi wari, ka kashe jarinka."

Famfon tuƙa-tuƙa yana can bayan masallacin Juma'a. Salamatu ta dubi girman tankin, ta dubi jarkoki biyu da ke gidan.

"Sai mu riƙa kiran mai ga-ruwa ko?"

"A'a, a'a. Abin da aka fi ja mana kunne a kai ke nan. Ƙaramin manomi, in ya ce komai sai ya biya, riba ta gudu. An ce a yi amfani da ƙarfin cikin gida."

"Wane ne ƙarfin cikin gida?"

"Mu mana. Ni da ke."

A da, Lukuman mutum ne mai cewa matarsa ba ta fita sai da dalili mai ƙarfi, ko gidan suna sai ta roƙa. Yanzu ya binciko cewa fita neman halal ba laifi ba ce, har ya kawo misali da matan magabata. "Ni da ke" ɗin kuwa ta yi aiki ranar farko. Rana ta biyu ƙugunsa ya riƙe. Kafin mako ya zagayo, Sirajuddeen ya kira, an buɗe na noman tumatir a cikin buhu.

Daga nan kwanakin Salamatu suka koma iri ɗaya. Da ta sallame sallar asuba sai ɗakin kaji. Daga nan ta ɗauki jarka ta nufi famfo, ta bi layi, ta tuƙa, ta ɗora a kai, ta dawo ta juye, ta koma. Tanki kamar cikin mai haɗama, ka zuba ka zuba ka leƙa ka ga bai san an yi ba. Kafin ta gama rana ta take, ga abincin rana bai hau wuta ba, ga Rumaisa na kuka. Masu sayen ƙuli-ƙuli suka zo suka koma, suka sake zuwa suka koma, har suka daina zuwa. Kaskon suyar ta kife shi a bayan ɗaki, kaji na gida suka mai da shi wurin hutawa.

Wata rana ta zauna a bakin ƙofar Inna Kubura tana danna wuyanta.

"Inna, wuyanga nawa kamar ba nawa ba."

"Sannu, ɗiyata. Haƙuri za ki yi. Namiji in shina neman ilimi, ba a ɗaga mishi hankali. Mu lokacinmu har daka muke yi mu kai gona."

"Inna, ai ku gona ɗaya kunka sani. Ni gona uku gare ni cikin gida."

"To, ai arzikinku ne. Gobe in an ce matar babban manomi, wa za a nuna?"

A ranta Salamatu ta ce, in dai wuya ya kai goben.

Lukuman yakan zo ran Juma'a da yamma ya koma ran Lahadi. In ya zo, sai ya zagaya da hannu a baya kamar jami'in duba-gari. Ya leƙa kaji ya ce ɓuntu ya jiƙe. Ya sunsuna tanki ya ce ruwan ya kwana biyu. Ya taɓa ganyen tumatir, wanda ya jera buhunansa a jikin katanga ya ce su ma safe da yamma suke sha, ya ce an yi musu rowar ruwa. Duk abin da ya faɗa kuwa daidai ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Daga nan sai ya sa hular da ta dace da wurin, ya miƙa mata waya.

"Ɗauke ni nan. Ki tabbata tankin ya fito. Matsa baya kaɗan, inuwarki na shiga."

Da kaji suka isa sayarwa, wani mai gashi daga Gwandu ya zo ya kwashe su. Lukuman ya ɗinka sabuwar shadda, ya sauya waya, ya sayo wa Inna turmin atamfa, ya kawo wa Salamatu man zafi na shafawa da takalmin roba.

"Wannan ba ya santsi," in ji shi. "Don hanyar famfo."

Kafin ta gama godiya ya gaya mata ya riga ya yi odar wasu tsakin, sun fi na farko yawa, tunda an ga hannunta na da albarka.

A cikin wannan hali ta gane tana da ciki. Da ta gaya masa ya yi murna ƙwarai, ya ce lallai ta riƙa hutawa. Ta tambaye shi yaushe. Ya ce tsakanin aiki da aiki, ai an koya musu tsara lokaci, zai zauna ya tsara mata in ya dawo.

Ladi maƙwabciyarta, matar Malam Abu mai keke-napep, ita ta kawo mata labari a layin famfo.

"Ke Salamatu, kin ji an buɗe na mata zalla? Can Kalgo, inda mijinki ke zuwa. Sarrafa gyaɗa da shinkafa, yadda ake fidda mai da inji, a zuba a kwalba a kai birni. Har da wurin ajiye yara. Shugabar mata ta ce a kawo mutum biyu daga unguwarmu, na ce ni da ke."

Salamatu ta sauke jarkar da ta fara ɗagawa. Tun tana yarinya take aikin gyaɗa da hannu. Ta taɓa ganin injin matsar mai sau ɗaya a Jega, ta tsaya tana kallonsa har mota ta kusa tafiya ta bar ta.

"Da gaske kike, Ladi? Irina za su ɗauka? Ni ko firamare ban ƙare ba."

"An ce da Hausa ake koyarwa. Ke dai ki nemi izini."

Ran Juma'a ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Ta bari ya ci ya wanke hannu, sannan ta faɗa masa.

Lukuman ya gyara zama. "Abu mai kyau ne. Wallahi ina goyon bayan ilimin mata, ko a aji na faɗa an tafa mini. Amma ki duba, wa zai riƙe kifin?"

"Kai mana. Makonni kaɗan ne."

"Ni? Ai lokacin ya yi karo da namu na gaba. Kuma kin ga, duk abin da za a koya muku, in kin bi a hankali, ni zan iya koya miki a gida kyauta."

"Can ma kyauta ne."

"Ga kuma lalurar da kike ciki. Hanyar Kalgo ta Birnin Kebbi da gargada, mace mai ciki a mota?"

"Baban Rumaisa, motar ta fi jarka nauyi?"

Ya yi dariya ya nuna ta da yatsa. "Ke dai akwai baki. To, ji nan. Bari a kwashe kifin nan, sai ki tafi. Na yi alkawari."

"Yaushe za a kwashe su?"

"Sun kusa."

Ta riƙe wannan "sun kusa" kamar kuɗi a bakin zane. Ta gaya wa Ladi a ajiye mata wurinta. Ta wanke mayafinta mai kyau ta ninke. Ta ƙara wa kifin abinci ko za su yi saurin girma, su kuwa suka ƙara ɓata ruwa, ruwan ya ƙara neman canji. Kullum in ta leƙa tankin sai ta ce musu, "Ku girma don Allah, ku sake ni." Tarwaɗa su ɗago gashin baki su dube ta su nutse.

Ƙafafunta suka fara kumbura. Bayanta ya riƙa amsawa tun daga ƙugu har wuya. Ladi ta ce ta je awo, ta ce sai ranar da babu canjin ruwa, ranar kuwa ba ta zo ba. Mai sayen kifi ya zo ya duba ya yi tayi, Lukuman ya ce a waya a bar su su ƙara nauyi, an koya musu kada manomi ya yi gaggawar sayarwa.

Ana saura 'yan kwanaki a fara na mata, ranar wata Laraba da hantsi, Salamatu ta ɗora jarka a kai a bakin famfo, ta taka inda ruwa ya yi gansakuka. Takalmin da ba ya santsi ya yi santsi. Ta faɗi a kan ƙugu, jarkar ta biyo ta. Da mata suka ɗaga ta, Ladi ce ta fara ganin jini a zanenta, ta ƙwala wa mijinta kira.

A keken Malam Abu aka kai ta asibitin Gwandu. Inna Kubura na riƙe da kanta a cinya, tana ta salati, tana cewa, "Ki yi magana, ɗiyata, kada ki yi shiru." Salamatu ba ta jin zafin ƙugun kamar yadda take jin tsoro. Hannunta na kan cikinta, tana jira ta ji motsi.

Allah ya sa cikin bai fita ba. Amma ma'aikaciyar jinyar, wata doguwa mai tabarau, ta tsaya a kan Inna ta yi mata tatas.

"Mama, wannan yarinya jaka ce? Jininta ya yi ƙasa, ƙafa ta kumbura, ko awo ba ta taɓa zuwa ba. Daga yau har ta haihu, kwanciya. Ko buta kada ta ɗauka. Tafiya mai nisa kuwa babu ita. In aka sake, ba ɗan kaɗai za a rasa ba."

Salamatu ta juya fuska ga bango. Ta ji "tafiya mai nisa", ta san an rufe mata hanyar Kalgo.

An yi ta kiran Lukuman waya a kashe, suna bikin rufe horo. Sai washegari ya iso, da farar hula, a rikice da gaske, idonsa ya yi ja. Ya durƙusa a gefen gadon ya riƙe hannunta.

"Sannu, Salamatu. Wallahi da na ji, ko abincin bikin ban iya ci ba. Me ya sa ba ki riƙa ɗaukar rabin jarka ba?"

Sai ta ji wani abu na motsi a cikin kwandon da ya ajiye a ƙarƙashin gado.

"Mene ne wannan?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Zomaye ne. Su aka raba mana. Ban biya gida ba, nan na yo kai tsaye." Ya ƙara da ƙaramar murya, "Su ba su da wata wahala. Ciyawa ce kawai."

Matar da ke gadon kusa, wadda aka yi wa aiki ba a son ta yi dariya, sai da ta riƙe cikinta.

Da aka sallamo Salamatu, Lukuman ya yi kwana biyu a gida yana shirya yadda abubuwa za su tafi. Shirin ya ƙare a kan Inna Kubura. Ai na ɗan lokaci ne, in ji shi, kuma motsa jiki na da amfani ga tsofaffi. Shi kuma an zaɓe shi cikin waɗanda suka fi ƙwazo, za a kai su zagayen gonaki, a yi hira da su. Irin wannan dama ba a wasa da ita.

"Tafi, ɗana," in ji Inna. "Ruwa ne fa kawai."

Salamatu na kwance a kan tabarma a inuwar ɗaki, tana kallon tsohuwa na fita da bokiti, don jarka ta fi ƙarfinta. Rana ta farko Inna ta yi ta yi tana waƙe-waƙenta. Rana ta biyu waƙa ta ɗauke. Rana ta uku ta tsaya a gaban tankin ta riƙe ƙugu ta ce, "Wai shin wanga abu huje shike?" Daga nan kullum sai ta ɗan zauna kusa da tabarmar tana haki, ta dubi surukarta ta kawar da kai. Sau ɗaya ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta ce, "In kawo miki kunu?"

Ranar tafiyar mata, Ladi ta shigo sallama da jakarta a kafaɗa. Wata daga Ceberu aka ba wurin Salamatu.

"Duk abin da anka koya muna, zan zo in faɗa miki," in ji Ladi.

"Ki dai taɓa mini injin da hannunki," Salamatu ta ce tana murmushi. Sai da Ladi ta fita ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna na jin ta daga bakin tanki, ba ta ce ta yi haƙuri ba a wannan karon.

Ran Alhamis da la'asar Lukuman ya bugo waya ya ce a kunna rediyo, shirin manoma, za a sa shi. Salamatu ta kunna ta ajiye a kan turmi. Inna ta shigo da bokiti a kai, ta tsaya a tsakar gida ba ta sauke ba, don kada ta rasa ko kalma ɗaya.

Muryarsa ta fito tas, ya iya magana. Ya gode wa gwamnati, ya gode wa malaman kwaleji, ya gode wa Sirajuddeen. Ya yi bayanin kaji da kifi da tumatir da zomaye, yadda ruwan kifi ke zama takin tumatir. Inna na gyaɗa kai, ruwa na ɗiga mata a kafaɗa.

Sai mai shirin ya ce, "Malam Lukuman, duk wannan aiki a gida ɗaya! Ma'aikata nawa gare ka?"

Lukuman ya yi 'yar dariyar tawali'u. "Ma'aikata kuma? Ai ni kaɗai ne, sai Allah. Sirrin dai shi ne tashi da wuri, da cire ƙyuya. Matasanmu su daina zaman kashe wando."

Salamatu ta ji wani abu ya taso mata, ta ɗauka kuka ne, sai ta ji dariya ce. Ta dubi Inna. Tsohuwa ba ta dariya. A hankali ta sauke bokitin, ba ta kai shi tanki ba. Ta ɗauko buta ta cika, ta zuba sauran a randa, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da tabarmar, ta miƙe ƙafafu.

"Inna, ruwan kifin fa? Yau ne canji."

"Ba ki ji mi yac ce ba? Shi ɗai ne, sai Allah. To, Allah dai ba ya gajiya. Shi kuma za mu gani."

Ran Juma'a da yamma Lukuman ya dawo cikin shaddarsa, mutane na ta yi masa barka tun daga bakin kasuwa. Wari ne ya tare shi a zaure. Ya ruga kango ya tarar da tarwaɗa sun taso sama suna buɗe baki, wasu sun fara juya ciki. Kaji kuwa Inna ta ba su ruwa, don ta ce ba za ta ɗauki alhakin mai numfashi a ɗaki ba, amma ɓuntunsu ya zama taɓo. Zomaye sun cinye ƙasan buhun tumatir.

"Inna! Me ya faru? Jarina zai mutu!"

"Mun ji ka a rediyo, ɗana. Ka yi magana mai kyau."

Ya tsaya. Ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa a kwance, ya gane.

"Haba Inna, ai salon magana ne. Ba a ambaton iyali a rediyo, kunya ce irin tamu."

"Kunya ta hana ka faɗin sunanta, ba ta hana ka ɗora mata jarka da ciki ba? Ni ma da laifina, ni nag goya maka baya. Sai da wuyana ya gaya mini gaskiya. Ga jarka can."

"Bari in kira mai ga-ruwa."

"A'a," Salamatu ta ce daga tabarma, a hankali. "Riba za ta gudu. A yi amfani da ƙarfin cikin gida."

Ya buɗe baki zai ce gobe yana da taro, ya dubi fuskar Inna ya fasa. Ko shaddar bai tsaya cirewa ba, don kifin ba za su jira ba. Ya ɗauki jarkoki ya fita. A bakin famfo mata suka buɗa masa layi da ladabi, suna cewa, "A ba manomin rediyo wuri." Ya yi ta kai da kawowa har aka kira magariba, shadda ta manne a jiki, hula ta faɗa kwata bai ko waiwaye ta ba.

Bai kai mako yana yi ba ya gano cewa, in aka duba karatun da kyau, akwai wurin da aka yarda manomi ya biya mai ga-ruwa. Ya sayar da kifin a farashin da ya ƙi a da, ya ba da zomayen kyauta. Da Sirajuddeen ya kira kan na kiwon zuma, Inna ce ta amsa wayar, ta ce manomin na gona.

Salamatu ta haihu lafiya, namiji, ƙarami amma mai ƙarfin kuka. Horon mata kuwa ba a sake buɗe shi ba a shekarar, an ce sai an sake ware kuɗi. A can Kalgo hoton Lukuman na manne a allon sanarwa cikin waɗanda shirin ya yi wa amfani, kuma ba ƙarya aka yi ba, ya amfana. Kwaleji ta koyar da wanda aka kawo mata. Ba aikinta ba ne ta bi shi gida ta ga a kan wa karatun ke sauka, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba.

Haƙuri dai bai taɓa ba ta da baki ba. Abin da ya fi kusa da haka shi ne a yammacin nan na farko, da ya juye jarkar ƙarshe ya zo ya zube a gefen tabarmarta yana haki, yana murza wuya.

"Salamatu," ya ce, "ashe ruwa na da nauyi haka?"

Ta miƙa masa man zafi.

"Ba a koya muku ba a Kalgo?"

Ya karɓi man ya shafa a wuya.

"Ba a kai ga nan ba," in ji shi.